Habu, Tashi, Mena Za Ta Buga

A duk faɗin Dogon Dutsi babu wanda ya kai Habu baduku son Mena, kuma a duk garin shi kaɗai aka hana jin wasanta. Ni na jawo masa, gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Sunana Abdulmajid. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi a lakwal, makarantar boko ke nan, har yara suka laƙa mini Mushe Kalkil, wato Malam Lissafi da Faransanci, sunan ya bi ni har bayan na ajiye aiki. Mena kuwa, ga wanda bai sani ba, ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Nijar. Sunan wata barewar daji aka ba ta, mai gudun tsiya. Mu dai mun daɗe muna jiran ranar da za mu ga gudun.

Ni da Habu tsara ne, wanzami ɗaya ya yi mana kaciya a rana ɗaya. Da aka zo ɗibar yara zuwa lakwal, ni aka kama, shi kuma ubansa ya tura shi ƙarƙashin tarin fatu har masu rubuta suna suka wuce. Haka ya gaji dukanci. Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, wani malamin makaranta baƙo ya kawo musu ƙwallon fata da ta yage. Uban Habu ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce wannan ba takalmi ba ce, ba kube ba ce, ba gidan laya ba ce, shi ba zai ɓata zarensa a kan abin da yara za su shura ba. Habu ya ɗauki basilla ya ɗinke ta. Tun daga ranar, duk ƙwallon da ta fashe daga Dutsi zuwa Kiyeshe har Dumega, hannunsa take biyowa kafin ta koma fili. Shi kansa bai taɓa iya bugawa ba. In ya kai wa ƙwallo shuri, ƙasa yake samu.

A wancan zamani Mena jaririya ce, a rediyo kawai muke jin labarinta, labarin kuma ba mai daɗi ba. Duk maƙwabcin da aka ɓata masa rai a wani wuri, in ya haɗu da mu sai ya huce. Wasu shekarun ma ba ma shiga gasar sam, mu zauna muna goyon bayan ƙasashen mutane kamar marayu a gidan biki. Amma Habu ya haddace sunayen 'yan wasan kaf, har na benci, mutanen da bai taɓa ganin ko hotonsu ba. Yana ɗinki yana ambaton su ɗaya bayan ɗaya, ka ce 'ya'yansa ne da suka tafi cirani.

Rumfarsa tana manne da ta Usaini mai shayi, inda muke zaman hira. A da majalisa muke cewa, yanzu yara sun mayar da ita fada. Usaini ne mai rediyo, don haka shi ne mai doka.

A ƙarshen watan Mayu na 1981 abin ya faru. Aljeriya ta riga ta ɗura mana huɗu a gidanta, ta zo Yamai wasa na biyu. Muna zaune mun kewaye rediyo, zafi kamar ya kashe mutum, ga Habu ya cika cikinsa da mangwaro tun safe. Ya daure, ya daure, da ya ga abin zai zama abin kunya ya ɗauki buta ya zaga baya da sauri. Ko minti biyu bai yi ba Mena ta ci. Ɗaya tilo ce, kuma da ita aka tashi. Aljeriyar nan ita ce ta je gasar duniya a shekarar da ta biyo ta doke Jamus, saboda haka har yau in ana gardama nakan ce mun ci wanda ya ci Jamus.

Habu ya dawo da gudu yana ɗaure tazuge, ya tarar da mu muna tsalle. Ni kuma da bakina da ba ya gajiya na ce masa, “Ashe kai ne ka tare muna hanya, Habu.” Kowa ya yi dariya, har da shi.

Magana zarar bunu ce. A wani wasan da ya biyo baya, Habu ya tashi yin alwala, sai ga shi mun sake ci. Usaini ya kalle ni, na kalle shi, wannan karon dariyar ba ta kai ta farko ba. Wasa na gaba Usaini ya roƙe shi, cikin raha, ya ɗan zaga bayan katanga na minti goma a gwada. Ban ma tuna yadda aka tashi rannan ba. Abin da na tuna, daga bayan katanga aka koma ƙarshen layi, daga ƙarshen layi aka koma bakin kasuwa, kafin shekara biyu magana ta tsaya a kan tsaunin da ke bayan unguwarmu. Duk ranar wasa, da zarar mai sharhi ya fara gaisuwa, wani zai ɗaga murya ya ce, “Habu, tashi, Mena za ta buga.” Sai ya naɗe fatunsa, ya ɗauki ƙwallo ɗaya ko biyu da ke jiran ɗinki, da buta, da buzun sallah, ya kama hanya.

Kada wani ya tambaye ni ko hakan ya sa Mena ta daina shan kashi. Ba ta daina ba. Amma mu mutanen rumfa muna da amsar komai. In aka ci mu, to Habu ya sauko da wuri, ko ya zauna a gefen da ke fuskantar Yamai, ko iska ta kai masa muryar rediyon wani gida. In a ƙasar waje aka ci mu, Usaini ya ce ai tsaunin ba ya kaiwa can, iyakarsa cikin gida. In kuwa muka ci, sai a aika masa da shayi kofi na farko washegari, a yi ta yi masa kirari. Ni mai ilimin boko, da takardar shaidata a rataye a bango, ina zaune ina gyaɗa kai. Na san shirme ne. Amma in wasa ya yi zafi nakan leƙa waje in tabbatar ba ya kusa.

Nan Arewa ce, ba a hawa tsauni a kai a kai a bar mutum da labarinsa. Ba a jima ba aka fara cewa Habu yana da doguwa, wato aljana, a can sama, ita yake kai wa gaisuwa ranar wasa. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi a masallaci! Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya yi rantsuwa har ya gaji. Matarsa Hadiza ce ta fi shi dabara. Ranar da wasu samari suka kawo baƙar kaza a asirce, suka ce a kai wa mutanen sama saboda wasan jibi, ta karɓa hannu biyu ta yi musu godiya. Da yamma duk layin ya ɗauki ƙamshin farfesu. Ta ce in akwai wani da ke zaune a kan tsaunin nan da yunwa, to mijinta ne.

Abin da bai taɓa yi ba shi ne ƙorafi. Na yi imani ya fi mu yarda da zancen, don yakan ce in tashinsa zai sa yaran nan su ci ko ƙwallo ɗaya, hawa tsauni ba komai ba ne. Rediyo ya tsufa, tele ta shigo rumfar Usaini da injin wutarta. Habu ya kalli Kamaru, ya kalli Turawa, ya kalli kokawa, ya kalli wasannin ƙasashen da ko sunansu ba ya iya faɗi. Mena kaɗai bai taɓa gani tana gudu ba. Hotonta dai yana manne a rumfarsa, wanda ya yanko daga wata tsohuwar kalanda.

Sai ga shekarar 2010, barewar ta tuna tana da ƙafafu. An haɗa mu rukuni ɗaya da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo, ana neman gurbin gasar cin kofin Afirka, gasar da tun da aka kafa ƙasar nan ba mu taɓa leƙa ta ba. Masar kuwa sau uku a jere tana ɗaukar kofin. Ranar da za ta zo Yamai, Usaini ya ce tsauni ya yi kaɗan, wannan aikin sai dai a kai Habu Kiyeshe. Habu ya ce tsauninsa ya ishe shi. Muka ci Masar ɗaya da nema. Saliyo ta zo muka ba ta uku. Afirka ta Kudu ta zo a watan Satumba na 2011 ta sha biyu da ɗaya. A waje kam duk inda muka je sai an ci mu, amma wannan Usaini ya riga ya bayyana dalilinsa tun tuni.

Ranar wasan Afirka ta Kudu ne Habu ya ji ihun gari ya ƙi ƙarewa, ya taso saukowa da murna, ya manta shekarunsa sittin da ɗoriya. Damina ce, dutse da santsi. Ya karye a ƙafar dama. Wani makiyayi, Kawu, shi ya tsince shi ya kawo shi gida a amalanken shanunsa. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da kara, ya ce kada ya taka ta sai bayan kwana arba'in.

Wasan ƙarshe kuwa saura wata ɗaya, a Alƙahira, ranar takwas ga Oktoba. Mu ne a saman rukuni. Duk gari ana zancen wasa, mu a rumfa zancen ƙafar Habu muke. Usaini ya yi magana da Kawu ya kawo amalanke da hantsi, aka shimfiɗa tabarma da matashi, har da laima, za a kai Habu ko da gindin tsauni ne. Muka je ƙofar gidansa mu shida kamar masu ɗaukar amarya.

Ya fito yana dogara sanda, ya dubi amalanken, ya dube mu. Ban taɓa ganin Habu ya ƙi abin da rumfa ta yanke ba sai rannan.

“Shekara talatin ina hawa,” ya ce. “Ban taɓa ce muku na gaji ba. Wanga karo ku bar ni in gan su da idona. Ko sau guda, kahin in mutu.”

Kawu ya juya shanunsa ya tafi, yana mamakin mutanen birni. Da la'asar Habu ya zo rumfa, Hadiza ta sa shi ya saka babbar rigarsa ta sallah. Aka ba shi kujera a baya, can kusa da ƙofa, wai don ƙafarsa ta sha iska. Kowa ya san dalilin.

Masar ta ci mu uku. Duk ƙwallon da ta shiga, sai kawuna su juya baya su dawo. Habu bai lura ba da farko, idonsa na kan tele, bakinsa yana motsi yana kiran sunayen yaran, yana mamakin ashe wane dogo ne, ashe wane ƙanƙane ne haka. A ta uku ya lura. Ya sunkuyar da kai.

Da aka tashi, labari ya zo cewa Afirka ta Kudu da Saliyo sun yi canjaras, babu ci. Nan aka ce Mushe Kalkil ya tashi ya yi aikinsa. Na zaro alli daga aljihu, don har yau ba na rabuwa da shi, na rubuta a jikin ƙyauren Usaini. Maki tara, tara, tara, mu da Afirka ta Kudu da Saliyo. Na jera ƙwallayen da kowa ya ci da waɗanda aka ci shi, na debe, na ja layi biyu a ƙasa yadda nake yi wa yara. Afirka ta Kudu ta wuce, mu mun zama na uku. Usaini ya murɗa tasha, sai ga 'yan wasan Afirka ta Kudu suna zagaya fili suna rawa. Wace shaida kuma ake nema?

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma maimakon in haɗiye, sai na juya na sauke shi a kan wanda ya fi kowa rauni a wurin. Na ce, “To ka gani da idonka, Habu. Hankalinka ya kwanta?”

Ya lalubi sandarsa, ya miƙe da ƙyar, ya fita yana jan ƙafa. Babu wanda ya bi shi, har da ni.

Bai fi rabin sa'a ba rediyon wani mai kanti a tsallaken titi ya fara ihu. Muka ɗauka gobara ce. Ashe dokar gasar ba ta ƙwallaye take bi ba. In ƙasashe suka yi kunnen doki, wasannin da suka yi tsakaninsu kawai ake dubawa, a nan kuwa mu muke da shida, su biyun biyar-biyar. Mena ta wuce. An ci mu uku kuma mun wuce, masu rawa kuma sun yi rawar banza a gaban duniya. Dogon Dutsi ta fashe. 'Yan kabu-kabu suka cika titi da oda, mata na guɗa ta kan katanga, wani tsohon soja ya fito da kwanon wanka yana kaɗawa. Ni kaina na yi rawa, da allin a hannuna.

Cikin wannan hayaniya Usaini ya hau benci ya ɗaga hannu, ya ce jama'a su shaida ikon Allah: Habu na zaune an ci mu uku mun faɗi, Habu na fita mun wuce. Rumfa ta ɗauki kabbara. Aka tafi neman sa a ɗaga shi sama, ba a same shi a gida ba. A gindin tsauni aka gan shi, zaune a kan dutse da rigar sallarsa, ɗaurin ƙafar ya kwance. Da karyayyar ƙafa ya ja jiki har can, ko Allah zai sa a gyara abin da ya ɓata. Murnar da ya jira tun yana saurayi, daga nesa ya sake jin ta.

Daga ranar darajarsa ta ƙaru a gari, zamansa a rumfar Usaini kuma ya ƙare. Yana buɗe rumfarsa, yana amsa gaisuwa, amma ya daina tsallakowa shan shayi. In na yi masa sallama sai ya ce, “Lahiya lau, Mushe,” ya ci gaba da ɗinki. Wannan “lahiya lau” ta fi zagi ciwo.

Hadiza ce ta tare ni wata safiya a bakin famfo, da bokiti a kanta. Ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce tana da tambayar lissafi.

“Mushe, wane lokaci Mena ta wuce? Sa'ad da alƙali ya busa, ko sa'ad da kai ka gane?”

Na ce sa'ad da aka busa.

“To sa'ad da anka busa, ina maigidana yake zaune?”

Ta gyara bokitinta ta wuce. Wallahi na san amsar tun daren farko. Habu yana kan kujerarsa a cikin rumfa lokacin da Mena ta samu gurbinta, abin da ya fita da shi ba rashin sa'a ba ne, allina ne. Amma in faɗi haka a rumfa, sai na ce Mushe Kalkil ya yi kuskuren lissafi a gaban jama'a, irin kuskuren da muke ta yi wa Afirka ta Kudu dariya a kansa. Wata uku na yi ina ɗauke da wannan magana. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na mutanen da ke rawa a tele.

Gasar ta zo a watan Janairu, a Gabon. Wasanmu na farko da masu gida, Habu bai jira an ce masa ya tashi ba. Ƙafar ta warke, tun azahar ya hau. Aka ci mu biyu da nema. Usaini ya ce ai dama ya faɗa, gasar Afirka ba wasan yara ba ce, ranar Juma'a da za mu kara da Tunisiya sai a sa Habu a mota a kai shi Gesheme, in ta kama ma a tsallaka da shi iyaka.

Nan abin ya ƙwace mini. Na tashi na buga ƙyauren, inda lissafina yake har lokacin bai gama gogewa ba. Na ce musu ni na yi kuskure rannan, ba Habu ba. Na ce ni na fara wannan magana tun 1981, a kan mutumin da mangwaro ya ɓata wa ciki, kuma mu duka, da gemunmu da furfurarmu, mun kori abokinmu shekara talatin don ba mu iya jure a ci mu ba tare da mun sami wanda za mu ɗora wa ba. Usaini ya ce to in ya zo aka ci mu fa? Na ce yau da aka ci mu yana ina? Ya koma yana fifita gawayi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na nufi tsaunin. A garin nan aka haife ni, amma rabona da hawansa tun ina ɗan lakwal. Sau huɗu ina zama ina haki, takalmina ɗaya ya tsinke. Na same shi a ƙarƙashin wata 'yar ƙaya, a kan wani faffaɗan dutse da zama ya goge shi har yana sheƙi. Yana ɗinkin ƙwallo. Gefensa wani tsohon gwangwanin madara ne da tsakuwa a ciki. Ya dubi ƙafata, ya miƙo hannu, na ba shi takalmin ya fara gyarawa.

Daga nan sama garin duka a tafin hannu yake, har rufin rumfar Usaini ana gani. Na tambaye shi yadda yake sanin abin da ake ciki. Ya ce ai gari ba ya ɓoye komai. Ihun da ya tashi ya yanke, an kusa ne ba a ci ba. Wanda ya tashi ya daɗe har karnuka suka shiga, an ci, sai ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani. In kuwa aka yi shiru har ya ji kukan jaki daga kasuwa, to mu aka ci.

“Kuma muryarka nike hwara ji, Mushe,” ya ce. “Ta hi ta kowa tsini. In na ji ta, sai in ce to, abokina ya yi murna.”

Na zo da dogon jawabi da na shirya tun daga gida, har da misalai. Babu ko ɗaya da ya fito. Kunya ta rufe ni, na ji hawaye, ni da ban yi kuka ba ranar da na ajiye aiki. Na ce masa kawai ya yafe mini, lissafina ne ya karkace, kuma na faɗa a gaban kowa. Ya ja zare ya ƙulle, ya cije shi da haƙori, ya miƙo mini takalmin. Ya ce in ya sauka aka ci yaran nan saboda shi fa? Na ce to a ci mu muna tare. Ya daɗe yana kallon garin, sannan ya naɗe buzunsa.

Muka isa ana taken ƙasa. Na kai shi benci na gaba, na zauna kusa da shi. Ko gama gyara zama bai yi ba, minti huɗu da farawa, Tunisiya ta ci. Rumfar ta yi tsit. Na ji idanu a bayan wuyanmu, na ji Habu yana lalubar butarsa zai miƙe. Na kama gefen rigarsa na tura ƙarƙashin cinyata na zauna a kai. Ya ja, na danne. Tsofaffi biyu muna kokawa a ɓoye, kowa fuskarsa na kallon tele kamar ba abin da ke faruwa.

Muna cikin haka, minti biyar bayan tasu, ƙwallo ta tashi a gaban ragar Tunisiya, wani yaronmu ya sa mata kai, ta shiga. Ƙwallon farko da Nijar ta taɓa ci a gasar Afirka ke nan. Rumfa ta tashi gaba ɗaya, benci ya kife, butar shayi ta bi ta kan ƙafar Usaini bai ma ji ba. Habu kaɗai ya rage a tsaye cak, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemunsa. Bai san ihun yana da ƙarfi haka ba. Sai da kowa ya fara lafawa sannan nasa ya fito, shi kaɗai, wata irin ƙara mai tsawo da ta sa yaran layi suka leƙo.

Daga nan har kusan ƙarshe ɗaya da ɗaya ake. Habu ya yi ta ba 'yan wasa umarni da sunayensu, yana faɗa wa alƙali abin da ban zata ya iya faɗi ba. Ana saura minti ɗaya ko biyu a tashi, ana shirin kiran magariba, Tunisiya ta ƙara. Biyu da ɗaya.

Shiru ya sauka, irin wanda ake jin kukan jaki daga kasuwa. Na saurari wanda zai fara juyowa ya kalli Habu, na riga na shirya abin da zan ce masa. Babu wanda ya juyo. Wani ya yi tsaki, wani ya ce mai tsaron bayan nan barci yake, wani ya ce ai yaran sun yi ƙoƙari. Usaini ya tayar da butarsa, ya sake ɗora ruwa, ya yi ta juya shayin daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Kofin farko ya miƙa wa Habu.

Habu ya karɓa, ya kurɓa, ya dubi mutanen da ke zaune jugum a kewaye da shi, kafaɗa na gogar kafaɗa.

“Ashe haka kuke yi in anka ci mu,” ya ce. “Ni daga bisa shirun kawai nike ji. Ban san da shayi a ciki ba.”

Ladan ya kira sallah. Ya shanye, ya ajiye kofin, muka tashi tare muka nufi masallaci.